Kafin a Kwanta a Ƙarƙashin Mota

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a 2023 komai ya yi tsada, har da ladan bakanike da kayan gyara. Shi ya sa a gidaje da yawa ƙananan gyare-gyaren motar gida suka dawo hannun samarin gidan. Juyen baƙin mai, canza birki, ɗaure salansar da ke karkarwa, leƙa inda mai yake ɗiga, duk yanzu ana yin su a tsakar gida ko a ƙofar gida ranar Asabar, waya a gefe tana nuna bidiyon YouTube. Abin a yaba ne. Saurayin da ya san cikin motarsa ba a cika cutarsa a gareji ba, kuma wanda hannunsa ya saba da sifana ya samu abin da zai amfane shi har tsufa.

Sai dai akwai wani ɓangare na aikin da masu bidiyo kan wuce da sauri don ba ya burge mai kallo, alhali shi ne inda kuskure ba ya gyaruwa: abin da motar take zaune a kai lokacin da mutum yake kwance a ƙarƙashinta.

Corolla irin wadda ta cika titunanmu tana kai wajen kilo 1,300, nauyin buhun siminti 26 ke nan. Camry tana wajen kilo 1,500, Hilux da Sienna kuwa suna kusan tan biyu. A motocin da injinsu yake gaba kuma tayoyin gaba ne ke ja, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin a gaba yake, daidai inda mai juyen mai yake tura kansa da ƙirjinsa. Tazarar da ke tsakanin cikin irin wannan mota da ƙasa ba ta cika wuce santimita 15 ba ko da tayoyinta huɗu suna jiki, kuma kaurin ƙirjin babban mutum ya fi haka. In an cire taya, ko wannan 'yar tazarar ma babu.

Ba sai mota ta karya ƙashi take kashewa ba. Numfashi yana buƙatar ƙirji ya buɗe. Idan nauyi ya danne shi, duk iskar da mutum ya fitar, nauyin sai ya ƙara zama, ba zai iya shaƙar wata ba. Wanda ba ya iya shaƙar iska ba ya iya ihu. Ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska. Abin da ya fi tayar da hankali a irin wannan hatsari ke nan: yana iya faruwa a tsakar gida, uwa tana girki a madafa, ƙanne suna kallo a falo, ba wanda ya ji komai sai wata 'yar ƙara da aka ɗauka sifana ce ta faɗi.

Ƙasashen da ke ƙirga irin waɗannan abubuwa sun ƙirga. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa a shekara guda, daga ƙarshen 1994 zuwa ƙarshen 1995, fiye da mutum 4,800 aka kai sashen gaggawa na asibiti saboda jak ya saki mota, kuma kusan kashi uku cikin huɗu motar ce ta faɗo musu. A Ostareliya, hukumar kare masu sayayya, ACCC, ta bayyana a 2019 cewa kimanin mutum 120 ne suka mutu tun daga 2000 wajen gyaran mota da kansu. A ƙasashen da ke da daɓen siminti a gareji da motar asibiti mai zuwa da wuri ke nan.

Tushen matsalar shi ne yarda da jak. Aikin jak ɗagawa ne, ba a ƙera shi don ya riƙe mota a kan mutum ba. Wanda ke zuwa a but ɗin mota, mai buɗewa da tsukewa da ake murzawa da hannu, an yi shi ne don canza taya a gefen hanya, inda ba wata gaɓa da za ta shiga ƙarƙashi. Gindinsa bai fi tafin hannu ba. Yana iya ɗaukar nauyin da ke danne shi daga sama, amma da an ɗan tura motar ta gefe sai ya kife. Littafin kowace mota yana hana shiga ƙarƙashinta in jak kaɗai ke riƙe da ita, wasu ma an manna gargaɗin a jikin jak ɗin.

Jak mai aiki da mai, ko mai tsaye ko mai taya irin na gareji, shi ya fi ruɗin matasa, domin yana da nauyi, an kuma rubuta tan biyu ko tan uku a jikinsa. To amma a duba cikinsa. Duk bugun hannu yana tura mai kaɗan zuwa ƙarƙashin sandar da ke ɗaga mota. Abin da ke hana man komawa baya ɗan ƙwallon ƙarfe ne ƙarami da ke toshe wata kafa, sai zoben roba da ke kewaye da sandar, sai kuma noti guda da ake murɗawa in za a sauke. A kan waɗannan ukun motar take tsaye. Roba tana tsufa, zafin bazara yana busar da ita. Ƙurar hunturu tana shiga mai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana ƙwallon zama daidai. Wani lokaci jak ɗin yana sauka a hankali yadda ido ba ya gani, sai mai gyara ya ji salansa ta fara taɓa masa kafaɗa. Wani lokaci kuma yana saki gaba ɗaya kafin ƙiftawa da Bismillah. Ko jak ɗin lafiyarsa lau, ƙafar mai gyaran kanta tana iya shurin hannun jak ɗin yayin da yake kokawa da noti.

Da yawa sun san wannan, sai su ce ai sun ƙara da bulo. Nan ma akwai magana. Bulo yana ɗaukar gini ne don nauyin ya bazu a dukan fuskarsa, siminti ya cike tsakani. Cikin mota kuwa gefen ƙarfe ne siriri, nauyin ya taru wuri ɗaya. Bulo mai inci shida ko tara rami ne a cikinsa, kuma kowa ya san yadda wasu masu buga bulo ke miƙa buhun siminti ɗaya har sai yashi ya rinjaya. Ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara, ba ya ba da wata alama. Yana tsaye, sai kawai ya zama gari. In aka kwantar da shi ramukan suna kallon gefe, ya fi rauni. In aka ɗora biyu ko uku, an ƙara masa hanyar zamewa. Jan bulo da dutse ma haka: dutse ba shi da shimfiɗaɗɗiyar fuska, yana mirginawa ko ya tsage.

Abin da aka ƙera don wannan aiki shi ne matokarin ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu, mai sanda a tsakiya da ake ɗagawa a kulle ta da fil ko da haƙori. Ba mai a cikinsa, ba roba, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Ana sayen su biyu-biyu, ana kuma amfani da su biyu-biyu, tsayinsu ɗaya. A lura da adadin da aka rubuta a jikinsu: galibi tan ukun nan na biyun ne a haɗe, ba na kowane ɗaya ba. Kuma ko na kanti sai an duba. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye matokarai kimanin miliyan 1.7 daga hannun jama'a saboda haƙorin da ke riƙe sandar yana iya zamewa, sannan bayan 'yan watanni aka sake janye wasu daga cikin na madadin saboda waldarsu ba ta kama ba. Don haka mai saye ya juya matokari a hannunsa, ya bi walda da ido, ya ga haƙori yana shiga har ƙarshe, ya fifita wanda ke da fil na ƙari bayan haƙorin.

A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da kasuwanni irinsu akwai masu walda da za su ƙera matokari mai kyau. Abin dubawa shi ne kaurin ƙarfen, da faɗin gindin, da ko an ɗaure ƙafafun da juna daga ƙasa don kada su baje, da fil ɗin. Sau da yawa fil na asali yakan ɓata a maye gurbinsa da ƙusa ko guntun rodi siriri, nauyin mota kuma ya yanke shi. Na gida ba a gwada shi a masana'anta an rubuta iyakarsa ba, saboda haka ba a dogara da shi shi kaɗai.

Wanda ba shi da matokari, katako ne abokinsa, amma ba kowane ba. Ma'aikatan kashe gobara a ƙasashe da dama da katako suke tokare motar da ta yi hatsari kafin su ciro mutum, domin yana karɓar gefen ƙarfe ya ɗan lotsa ya riƙe shi, kuma in nauyi ya fi ƙarfinsa yakan yi ƙara kafin ya karye. Ana son mai kauri, busasshe, wanda gara ba ta ci ba, ba tsaga a jikinsa. Ana kwantar da shi ne, biyu a miƙe, biyu a gicciye a kansu, a haka har a kai tsayin da ake so, kuma faɗin ginin ya fi tsayinsa. Ba a tsayar da guntun katako a kan bakinsa, ba a amfani da ragowar allon kafinta ko itacen girki.

Duk ingancin matokari, da ƙasar da yake kai ya dogara. Nan ne gidajenmu suka bambanta da garejin cikin bidiyo. Yashi yana haɗiye ƙafa ɗaya ya bar sauran, matokari ya karkace. Jar ƙasa tana da tauri da rani, amma da damina samanta kan bushe ƙasanta na da laushi. Kwalta tana laushi da zafin rana a watan Afrilu har ƙafar ƙarfe ta nutse. Tubalin daɓe da ake jerawa a tsakar gida yana iya tashi ta gefe ɗaya in aka danna ɗaya gefen. Akwai kuma murfin sokawe, wanda a gidaje da yawa a daidai wurin ajiye mota yake, a ƙarƙashinsa rami ne. Daɓen siminti mai kauri, a miƙe ba gangare, shi ake nema. In babu, a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri a ƙarƙashin jak da kowane matokari.

Jak mai taya yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. Hannunsa mai ɗaga mota ba ya tashi a miƙe, yana tashi yana jan baya, don haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa gaba yana shiga ƙarƙashin mota. A kan yashi tayoyinsa suna maƙalewa, sai ya zama motar yake ja. In an riga an ɗora ɗaya gefen a kan matokari, wannan jan ya isa ya karkatar da shi. Shi ya sa bayan an ɗaga gefe na biyu ake komawa a sake duba na farko.

Sai batun gangarawa, wanda ya fi kama masu ɗan sani. Birkin hannu a kusan duk ƙananan motoci tayoyin baya kaɗai yake kamawa, da an ɗaga bayan mota ba shi da sauran aiki. Sa giya a P ko a lamba ɗaya yana kulle giyar ne, amma tsakanin tayoyi biyu masu ja akwai haɗin da ke barin ɗaya ta juya dabam da 'yar'uwarta a kwana. Da an ɗaga ɗaya daga cikinsu, sai ta juya a iska, wadda ke ƙasa ta samu damar tafiya. A motocin da tayoyin baya ke ja, irin Hilux da Hiace, wanda ya kwance farfela ya raba giyar da tayoyin baki ɗaya: noti na ƙarshe yana fita, motar ta zama a sake, shi kuma yana kwance a ƙarƙashinta. Yaran manyan motoci sun daɗe da sanin maganin, shi ne weji. Ana sa shi gaba da bayan tayar da ta rage a ƙasa, a buga shi ya kama, kafin jak ya taɓa mota.

Inda ake ɗora nauyin ma da ƙa'ida. A ƙasan mota, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, akwai wurin da aka ƙarfafa, sau da yawa da 'yan tsagu biyu da ke nuna shi, littafin motar kuma yana da zanensa. Ba a sa jak ko matokari a kwanon baƙin mai, ko a tankin fetur, ko a salansa, ko a falen ƙasan mota. Motocin tokumbo suna buƙatar ƙarin ido. Da yawansu sun yi shekaru a Kanada ko arewacin Amurka ko Turai, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Dillali ya fesa baƙin fenti, wurin ya yi kyau, amma in aka ƙwanƙwasa da sifana sai tsatsa ta zubo. Irin wannan wuri matokari yana huda shi ya shige.

Ga yadda aikin yake a hannun wanda ya ƙware. Ya kashe mota, ya zare makulli ya sa a aljihunsa. Ya ja birkin hannu, ya buga weji. In zai cire taya, ya sassauta notocinta tun tana ƙasa, domin ƙarfin da ake sawa wajen karya noti mai tauri shi ne ke tunkuɗe mota daga kan abin da take kai. Ya ɗaga, ya tura matokari da hannu ɗaya ba tare da kansa ya shiga ba, ya sauke motar a hankali har nauyinta ya zauna a kai. Ya duba ƙafafun matokarin, kowace tana ƙasa daram. Ya mayar da jak ya taɓa cikin motar kawai, ba ya ɗauke da nauyi, ya bar shi nan. Tayar da ya cire ya kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar, in ya samu ya ɗora mata katako, don ko komai ya saki a samu tazarar da ƙirji zai yi numfashi. Sannan ya tsaya a gefe ya kama motar da hannu biyu ya girgiza ta da ƙarfinsa, gaba da baya, hagu da dama. In ta motsa ko ta yi ƙara, ya sake daga farko. Duk wannan bai kai minti goma ba.

Ba ya kuma yin aikin shi kaɗai. Yakan ce wa ƙanensa, "Zauna nan inda kake ganina, kada ka bar kowa ya buɗe ƙofa ko ya jingina da ita." Yara suna son shiga mota su murza sitiyari, baƙo yana zuwa ya dafa bonet yana gaisuwa, wani ya buɗe but ya ɗauki kaya ya buga murfin. Kowane ɗaya ya isa ya motsa motar da ke sama.

Masu koyon kanikanci suna cikin wani hali na dabam, domin ba su ke yanke shawara ba. Maigida yana sauri, mai mota yana tsaye yana duba agogo, sai a ji, "Kai, shiga mana, ai minti biyu ne." Yaro yana jin nauyin musu, yana tsoron a ce masa matsoraci. Ana iya faɗa cikin ladabi: "Oga, bari in ƙara mata katako tukuna, yanzun nan zan shiga." Maigidan kirki ba zai hana ba, kuma haƙƙin yaron da iyayensa suka damƙa masa yana wuyansa. Wasu in aka yi maganar sai su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ajali a hannun Allah yake, ba mai musu, amma malamai ba su taɓa koyar da cewa ganganci tawakkali ne ba, kuma mai faɗin hakan yana kulle shagonsa da kwaɗo kowane dare.

In abin ya faru, wanda ke kusa ya kwarma ihu a taru, a kira 112 in a Najeriya ne. Ba a jan mutum da ƙafa alhali nauyi yana kansa. A ɗaga motar da jak, shi ya sa ake son na biyu a kusa, ana ɗagawa ana tura katako don kada ta sake faɗowa. In maza ne suka ɗaga da hannu, mutum ɗaya aikinsa tura katakon ne kawai. Wanda aka ciro a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce ba komai, domin jini na iya zuba a ciki, huhu na iya ƙujewa, naman da ya daɗe a danne kuma yana sakin abin da ke lalata ƙoda bayan sa'o'i.

Akwai ayyukan da ba na tsakar gida ba ne. Sauke giya ko inji yana canza ma'aunin mota, gaban ya yi sauƙi, bayan ya rinjaya, matokarin da ke zaune daram ya tashi. Duk aikin da sai an sa dogon bututu a sifana an taka da ƙafa, ko an yi ta duka da guduma, wurinsa gareji mai rami ko mai injin ɗaga mota. Gidajen mai da yawa suna da ramin juye, kuɗin hawansa kaɗan ne.

Saukewa ma da nutsuwa ake yi, don a lokacin ne gajiya ta zo, magariba ta gabato, hankali ya koma kan wanka. A kwashe sifanu da kwanon da aka tari mai, a leƙa a tabbata ba yaro ba dabba a ƙarƙashi. A mayar da taya a ɗaure notocin da hannu, a ɗaga motar kaɗan, a jawo matokarai daga gefe, a murɗa notin jak a hankali yadda motar za ta sauka ba ta faɗo ba. Sai tayoyi sun taka ƙasa ake ɗaure notocin da ƙarfi, ɗaya nan, na gaba wanda ke fuskantarsa, har a zagaye. Weji ne ke fita a ƙarshe. In birki aka taɓa, a taka shi sau da yawa har ya yi tauri kafin a sa giya, kuma bayan tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka a sake bin notocin tayar da sifana.